Zomaye sun sa lambuna gaba, wace bindiga zan fara saya?

Manomin Rani: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ina da lambu a fadama ta wajen Ringim, na zuba latas da karas da waken rani. Tun da sanyi ya shigo zomayen daji suka hana ni sakat. Jiya da asuba na tarar da kunya huɗu na waken an aske su ƙasa-ƙasa kamar da almakashi. Na yi shingen ƙaya, sun bi ta ƙarƙashi. Ban taɓa harba bindiga ba, kuma abin da na tara naira 120,000 ne. Wani ya ce in nemi bindigar iska mai karyawa, ko mai ƙwayar harbi mai faɗin milimita 4.5 ko 5.5, wani kuma ya ce ƙaramar bindiga mai harsashin .22 ta fi. Gidajen mutane ba su fi taku 300 daga lambun ba, ga ruga ta gabas. Ba na son mai ƙara, ba na kuma son abin da zai haɗa ni da hukuma. Wanda ya taɓa riƙe ɗayansu ya faɗa mini tsakani da Allah.

Na Gumel: Wa alaikumussalam. Ka bar wannan dogon lissafin. Je wajen maƙeri ya haɗa maka harba-ka-ruga, tawa 35,000 na biya. Ka ɗura albarushi da 'yan ƙarafa, ko zomo uku ne a jere sai sun kwanta.

Mai Karnuka: Zomo kuma har sai da bindiga? Kare biyu masu gudu da ƙere mai kyau, shi ke nan. Haka muka taso muka ga iyayenmu suna yi.

Ɗan Kadawa: Ni ina da ta iskar, shekara huɗu ke nan, ƙirar kamfanin Diana ce ta hannu. In zomo kake nufi ɗauki 5.5, ƙwayarta ta fi nauyi, ta fi duka. Ita 4.5 ta fi tafiya a miƙe amma ta kurciya ce da hasbiya. Sai dai ka sani, ko 5.5 ɗin in ya wuce taku 30 ɓata ƙwaya kake, kuma dole ka samu kai, tsakanin ido da gindin kunne. In ka same shi a cinya zai ja jiki ya shige ciyawa ya mutu a banza, ka ɗauki alhaki. Na yi wata guda ina harbin gwangwanin tumatir kafin na nufi abu mai rai. Kada ka taɓa harba ta babu ƙwaya a ciki, lalacewa take. In ka karya ta za ka sa ƙwaya, ka riƙe bakin da ɗaya hannun, don in ta kufce babban yatsa take datsewa.

Yayan Marayu: Na Gumel, don Allah ka daina tura mutane wajen maƙeri haka kai tsaye. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya irin wannan shawarar ya bi. Shi ma zomaye ne suka dame shi a gonar wake. Ya sayar da tunkiyar matarsa ya sayo bindigar toka ta hannu wajen wani a kasuwa, mai ita ya rantse masa bututun sitiyarin mota ne, ashe bututun famfo ne aka shafa wa baƙin mai. Sau biyar ya harba lafiya. Rana ta shida ya manta ya riga ya ɗura tun dare, da asuba ya sake ɗura wani a kai. Ina alwala na ji ƙarar, wallahi na ɗauka tayar babbar mota ce ta fashe. Da na isa na same shi a durƙushe ya danne hannun hagu a cinya, bututun ya tsage kamar an ɓare rake, rigarsa tana hayaƙi. A kan babur na ɗauke shi, wani yaro ya riƙe shi ta baya. Yatsu biyu suka tafi, na uku ya sandare har yau. Mutumin da tela ne, da hannun nan yake ci da 'ya'ya biyar. Kuɗin magani ya cinye buhun gero shida. Muka koma wajen mai bindigar, ya dube mu ya ce bai taɓa ganinmu ba. Mun kai ƙara? Ta yaya, bayan mu ma ba mu da takarda? Yanzu keken ɗinkin yana jingine a zaure, ni nake auna musu hatsi.

Uwar Biyu: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba shi lafiya, ya saka maka da alheri. Ina yaran, suna zuwa makaranta kuwa?

Yayan Marayu: Amin Hajiya. Uku suna zuwa, babban na sa shi koyon ɗinkin wajen abokin ubansa.

Na Gumel: Allah ya kiyaye gaba. Amma ɗan uwa wannan ganganci ne, ba laifin bindiga ba. Ana auna ɗuri da sandar ɗuri kafin a ƙara.

Yayan Marayu: Shi wanda ya yi tambayar ya ce bai taɓa harbi ba. Wa zai koya masa aunawar, kai?

Kawu Direba: Ta iskar nan na ga sabuwa a Kano an ce 85,000.

Ɗan Kadawa: Kawu, wannan 'yar Sin ce mara ƙarfi, ko fatar zomo ba lallai ta huda ba. Mai kyau ba ka samunta ƙasa da 250,000 yanzu.

Kawu Direba: To ni maƙwabcina 60,000 ya sayi tasa bara, kuma na ci naman zomon da ta kashe da bakina.

Sarkin Zolaya: Jama'a, 120,000 zomon gida nawa za ta saya? Malam ka sayi mace huɗu da namiji ɗaya, kafin azumi kai ne za ka riƙa addabar lambun wasu.

Ɗalibin Shari'a: Akwai abin da kowa ya tsallake. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Na yaƙi da fistol sai da izinin Shugaban Ƙasa. Bindigar farauta mai harsashi, har da ta iska, lasisinsu daga Sufeto Janar na 'yan sanda yake. Lasisin bindigar toka kuwa Kwamishinan 'yan sandan jiha ke bayarwa. Wato ta iskar ma ba abin wasan yara ba ce a idon doka. A 2023 kuma rundunar ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi, don haka ka fara zuwa ka tambaya kafin ka fitar da ko sisi. Ita .22 mai harsashi kada ma ka fara: harsashinta yana wuce kilomita ɗaya da rabi, kuma yana tsalle in ya daki busasshiyar ƙasa. Ga gidaje, ga ruga.

Tsohon Maharbi: Yaro, ka taɓa kwana a daji? Shekarata 34 ina farauta, daga dajin Falgore har bakin Baturiya na sani tun kafin a haife ka. A takarda ake koyon harbi?

Ɗalibin Shari'a: Baba, ban raina saninka ba, a harbi kai ne gaba. Amma in an tare shi a hanya ba shekarunka za a tambaye shi ba. Ka tuna mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, da yawansu mutanen Bunkure da kewaye, bindigogin toka kawai aka gani a motarsu. Allah ya jiƙansu.

Tsohon Maharbi: Amin. Wannan zalunci ne, ba rashin takarda ya kashe su ba. Ni shawarata ya shiga ƙungiyar maharba ta garinsu, ya je ya gaida Sarkin Baka, a san shi, a koya masa. Kuma ya ambaci sunan Allah kafin ya saki, in ya tarar da shi da rai ya yanka.

Uwar Biyu: Baba, tunda kana nan bari in faɗa. Ku ja wa yaranku kunne kan cinna wa daji wuta don korar zomo da gafiya. Bana harawar wakenmu dami 40 ta ƙone ƙurmus a gona, da ita muke kiwon tumakin Sallah.

Tsohon Maharbi: Hajiya, waɗannan ba maharba ba ne, 'yan tayar da ƙura ne da ke cika mota su zo daga birni da gora da karnuka.

Mai Karnuka: A'a Baba, kada a shafa wa masu kare kashin kaji. Mu ba ma sa wuta.

Kawu Direba: Mu a wajenmu har rumbu wutar ta lasa. Mai unguwa ya kira taro, ba wanda ya amsa laifi.

Manomin Rani: Na gode ƙwarai, Allah ya ba ƙanenka lafiya Yaya. To amma Ɗan Kadawa, su da dare suke fitowa, ta iskar tana yi da tocila kuwa?

Uwar Biyu: Kawu, ku wa ya biya ku rumbun? Mu har yau ko sannu ba wanda ya zo ya ce mana.