Don Allah a taimaka: farkon fim ɗina ya ƙi tsorata kowa

Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar fim. Mako uku ke nan ina fama da minti biyun farko na wani gajeren fim ɗina. Wata mata ce ita kaɗai a ɗaki da dare, an ɗauke wuta, wani kuma ya laɓe a bayan labule. Na bi shawarar nan ta Hitchcock, shahararren daraktan fina-finai masu sa fargaba, cewa a nuna wa mai kallo bom ɗin da ke ƙarƙashin tebur alhali masu hira a wurin ba su sani ba. Shi ya sa tun a daƙiƙa ta 20 na nuna ƙafafun mutumin, silifas ɗinsa duk laka.

Da na kunna wa ƙannena, ko gezau. Ƙaramin ma har da hamma.

Na sa kiɗa mai bugun zuciya, abin ya koma kamar talla. Na cire shi, sai ƙarar janareton maƙwabta da ta shiga lokacin ɗauka ta cika wurin. Ko yankan ne ya yi yawa, wato sauyawa daga wani hoto zuwa wani? Sau 31 na yanka. Ko in bar kyamara a kan fuskarta tana laluben ashana, kada in ƙara komawa kan labulen? Duk wanda ya taɓa tace irin wannan, ya faɗa mini yadda ya yi. Kuɗin sake ɗauka dai babu.