Tambaya: lissafina da sakamakon kwamfuta sun saɓa a da'irar op-amp

Ɗalibin Kaura:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ni ɗalibi ne a fannin injiniyan lantarki a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Kaura Namoda, kuma ban jima da fara koyon LTspice, manhajar gwada da'irorin lantarki a kwamfuta, ba. Ina so in haɗa ƙaramar da'ira da za ta riƙa auna zafin ɗakin da muke ajiye batiran sola a gida, inda zan yi amfani da ma'aunin zafi LM35, wanda ke fitar da milibolt 10 a kan kowane digiri ɗaya. Tun da wannan wutar ta yi ƙanƙanta, na sanya op-amp, wato aisin (IC) da ke ƙara ƙarfin wuta, ta ninka ta ba tare da juya ta ba, da rizista mai kilo-om 10 daga ƙafar fitarwa zuwa ƙafar ragi, da wata mai kilo-om 1 daga can zuwa ƙasa, wato layin sifilin da'irar. A lissafi ninkin ya kama 11, wato zafin digiri 40 ya kamata ya ba ni bolt 4.4. Da na gwada da cikakkiyar op-amp ta manhajar, abin da na samu ke nan. Amma da na sanya samfurin 741, wato fayil ɗin da ke kwaikwayon op-amp ta gaske mai wannan lamba, na ba shi batir guda mai bolt 9, sai fitarwar ta kafe wuri ɗaya, ko na sauya abin da ke shiga ba ta motsi. Shin manhajar ce ke da matsala ko samfurin da na sauko da shi?

Malamin Lantarki, Gusau:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, lissafinka daidai ne, manhajar ma lafiyarta lau, kuma a gaskiya samfurin ya yi maka abin da ya kamata, domin haka 741 na gaske zai yi maka a kan allon gwaji. Kamfanin Fairchild ne ya fitar da wannan aisi a 1968, kuma an tsara shi ne domin ya yi aiki da wuta mai ɓangare biyu, misali bolt 15 sama da sifili a ƙafa ta 7 da bolt 15 ƙasa da sifili a ƙafa ta 4. Ƙafafunsa na shiga, wato ta 2 da ta 3, suna buƙatar su kasance nesa da layin wutar ƙasa da kimanin bolt 2 kafin tiranzistocin ciki su kama aiki, ƙafa ta 6 kuma ba ta iya sauka har sifili. Kai kuwa ka ɗaura ƙafa ta 4 a ƙasa, sannan ka kawo masa bolt 0.4 kacal.

Ƙa'idoji biyun da ake koya muku a aji, cewa wuta ba ta shiga ƙafafun shiga kuma op-amp tana ƙoƙarin daidaita su, suna aiki ne muddin aisin yana cikin iyakokin da kamfani ya rubuta a takardar bayanansa. Cikakkiyar op-amp ta manhaja ba ta san waɗannan iyakoki ba, shi ya sa ta ba ka amsar da kake so. Domin ka gani da idonka, ka ƙara batir na biyu a zanen, ka ba ƙafa ta 4 bolt 9 ƙasa da sifili, za ka ga 4.4 ɗinka ta dawo. Bayan haka ka daina gwada lamba ɗaya-ɗaya. Ka rubuta umarnin .dc wanda zai ɗaga wutar shiga daga sifili zuwa bolt 0.6 a hankali, sai manhajar ta zana maka layi, inda za ka ga daidai wurin da ya miƙe da wurin da ya lanƙwashe. Wannan zane guda ya fi ƙaruwa a kan gwaji ashirin.

Wani abu da ke yawan kayar da masu farawa shi ne harafin M. A manhajar SPICE, wadda aka fara a jami'ar Berkeley ta Amurka a 1973 kuma LTspice ta gaji tsarinta, 1M na nufin kashi ɗaya cikin dubu, wanda ke son miliyan ɗaya sai ya rubuta 1Meg.

Mai gyaran inbata, Birnin Kebbi:

Malam ya gama bayanin dalili, ni zan yi magana ne a kan abin da za ka saya. Batir biyu a ɗakin sola wahala ce da ba ta da amfani. Ka nemi LM358, wanda ke da op-amp biyu a cikin aisi guda mai ƙafa takwas, yana aiki da wuta mai ɓangare ɗaya tun daga bolt 3, kuma ƙafafunsa na shiga suna karɓar wuta har zuwa sifili. Yana da arha, kuma sau da yawa muna ciro shi daga tsofaffin allunan inbata da suka mutu. Sai dai ka lura jerin ƙafafunsa ba irin na 741 ba ne, a nan ƙafa ta 8 ce ke karɓar wuta.

Shi ma yana da iyakarsa ta sama, domin fitarwarsa tana tsayawa kimanin bolt 1.5 ƙasa da wutar da aka ba shi. Da bolt 9 ba ka da damuwa. Amma idan nan gaba ka ce za ka haɗa shi da Arduino, ƙaramin allon kwamfutar nan, ka ba shi bolt 5, to ba zai wuce kusan 3.5 ba, wanda da ninki 11 ya kama digiri 32 kawai. Duk wanda ya san zafin watan Afirilu a Zamfara ko a nan Kebbi ya san ɗakin batir zai wuce wannan tun da hantsi, kuma na'urarka za ta ci gaba da nuna maka 32 alhali batiran suna gasuwa. Idan ka mayar da rizistar kilo-om 10 zuwa 4.7, ninkin zai koma 5.7, sai digiri 50 ya ba ka bolt 2.85.

Malama daga Aliero:

Na yarda da bayanan biyu, amma ina da ɗan saɓani game da inda ya kamata mai koyo ya fara. LTspice kyauta ce daga kamfanin Analog Devices, sai dai akasarin aisin da ke cikin ma'ajiyarta na kamfanin ne, don haka LM358 sai ka sauko da samfurinsa daga shafin Texas Instruments, ka shigar da shi da umarnin .include, sannan ka tabbatar jerin ƙafafun da ke cikin fayil ɗin ya dace da na alamar da ka zaɓa. Idan suka saɓa, manhajar tana iya ba ka sakamako marar ma'ana ba tare da ta yi ƙorafi ba. Ga wanda bai saba ba, ina ganin ya fi sauƙi ya fara da manhajar Falstad, wadda ke buɗewa a burauza kuma take nuna wuta tana tafiya a cikin wayoyi, har sai ya fahimci yadda mayar da wani kaso na fitarwa zuwa ƙafar ragi ke daidaita ninki, sannan ya koma LTspice domin awo na haƙiƙa.

Ɗalibin Kaura, idan ka kai ga haɗawa a allo, kada ka yi mamaki idan mitarka ta saɓa wa kwamfuta kaɗan. LM358 yana da ɗan karkata na kimanin milibolt 2 a ƙafafun shiga, wanda a aikinka bai wuce kashi biyu cikin goma na digiri ba, rizistoci masu zoben zinariya kuma suna iya kaucewa da kashi 5 cikin ɗari, kuma wannan ne zai fi shafar awonka. Ka auna kowace rizista da mita kafin ka soka ta, ka shigar da ainihin lambobin a zanen, sannan ka kwatanta.

Ɗalibin Kaura:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ƙara batir na biyun kamar yadda Malam ya ce, kuma 741 ya ba da bolt 4.4. Yanzu ina ƙoƙarin shigar da samfurin LM358. Malama, a cikin fayil ɗin akwai layin da ya fara da .subckt, shin lambobin da ke biye da sunan su ne jerin ƙafafun da kike nufi?