Wane suna za mu ba iskar da ke gajarta tafiya daga New York zuwa Landan?

1/ Tsakanin filin jirgin JFK na New York da Heathrow na Landan akwai kimanin kilomita 5,500, ko ta wane ɓangare ka taso. Amma mai zuwa Landan yakan yi wajen awa 7 a sama, mai komawa New York kuma kusan awa 8. Abin da ke kawo wannan bambanci Turawa suna ce masa jet stream. Mu har yau ba mu raɗa masa suna ba.

2/ Wata siririyar hanya ce ta iska mai tsananin gudu, can sama kilomita 9 zuwa 12, daidai inda jiragen fasinja ke shawagi. Haɗuwar iskar sanyi ta arewa da iskar zafi ta kudu ke haifar da ita, juyawar duniya kuma ta karkata ta gabas. Lokacin hunturu ta fi ƙarfi. A watan Fabrairun 2020, sa'ad da guguwar Ciara ta taso, wani Boeing 747 na British Airways ya bi ta daga New York ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56.

3/ Wasu na cewa "iskar jet". Ban yarda ba. Duk wanda ya ji zai ɗauka injin jirgi ne ke fesa ta, alhali tana nan tun kafin a ƙera jirgi. Wani masanin yanayi ɗan Japan, Wasaburo Oishi, da balan-balan ya auna ta a shekarun 1920.

4/ "Guguwar sama" ma ba ta zauna ba. Guguwa tana tasowa ta yi ɓarna ta lafa. Wannan kuwa gudana take yi dare da rana.

5/ "Iskar yamma" ta fi kusa, sai dai za ta ɗaure mu. Akwai irinta a saman Sahel ɗinmu da damina, sai dai ba ta kai ta saman Tekun Atlantika nisa sama ba, kuma daga gabas take tafiya yamma. Sunan da ya ƙunshi alƙibla ba zai ɗauke su duka ba.

6/ Ni dai ina kan "kogin iska". Tana da faɗi, tana da gaɓa, tana lanƙwasa, tsakiyarta ta fi gefenta gudu. Duk wanda ya taɓa tuƙa kwalekwale ya san bambancin bin ruwa da yin gaba da ruwa, kuma abin da matuƙan jirgi ke lissafawa ke nan: in za su gabas su shige cikinsa, in za su yamma su kauce masa ko da hanya ta ƙara tsawo.

7/ Ku gwada a baki: "Jirginmu ya bi kogin iska, shi ya sa muka sauka da wuri." Jam'i ma ba wahala, kogunan iska. Malaman jogarafi da masu fassarar labarai, in kuna da wanda ya fi wannan, ku kawo shi da hujjarsa.