Ƴaƴan wata tsohuwa sun fara mayar mana da taimako, yaya za mu yi?

Salama gare ku. Ƙaramar ƙungiyarmu ta Katolika a Tahoua tana haɗuwa duk ranar Alhamis da yamma: Rosari (addu'ar da muke yi da carbi), karatun Bisharar Lahadi, sannan kowa ya ajiye dala ashirin don marasa lafiya na unguwa, bisa Matiyu 25:36.

Akwai wata tsohuwa musulma da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Wata uku muna kai mata tiya biyu ta hatsi da sabulu, mata biyu su yi mata wanki. Yanzu babban ɗanta ya ce wa'azi muke shigowa da shi ta bayan gida. Mun daina addu'a a ɗakinta, mun ɓoye Rosari cikin aljihu, mun koma aika kaya ta hannun matar ɗanta. Sau biyu ke nan kwano yana dawowa ba a buɗe ba, tabarmarta kuwa ta kwana goma ba wanki.

Ko Paparoma Benedict na 16 ya rubuta a 2005 cewa ba a mai da taimako tarkon jawo mutane addini, mu ma haka muka riƙe.

Ta hannun wa ya dace mu bi, limamin unguwa ko mai unguwa, don taimakon ya isa gare ta ba tare da mun ci mutuncin ɗanta ba? Na gode.