Ina za a kai baƙo a Legas a hutun Disamba?

Hirar ta taso ne a zaman 'yan uwa a Agege, saboda baƙin da ke zuwa daga Arewa idan sanyin hunturu ya kama. Kusan kowa ya yarda cewa a daina tsayawa kan manyan kantuna da bakin teku kaɗai.

Shawarar da ta fi kwanta mini ita ce ta wani dattijo: a fara da Masallacin Shitta-Bey da ke titin Martins, wanda aka buɗe a 1894. Gabansa kawai abin kallo ne, ginin salon Barazil a tsakiyar hayaniyar kasuwa. Ya ce a je da hantsi, a yi Azahar a can, sannan a ƙarasa Freedom Park a titin Broad, tsohon kurkukun Turawan mulki da aka mayar wurin shaƙatawa a 2010.

Mai son tarihin jirgin ƙasa, ga Jaekel House a Ebute Metta. Badagry kuwa yini guda take ci, kada a haɗa ta da komai: akwai tsohon benen da 'yan mishan suka gina a 1845, sannan a haye a kwale-kwale zuwa Gberefu, inda aka riƙa loda bayi. Wannan wuri ya kamata yaranmu su gani da idonsu.

Kan zirga-zirga aka ɗan yi gardama. Wasu sun ce jirgin ruwa, iyaye mata suka ce sai da rigar kariya ga kowane yaro. Abin da ba a yi musu a kai ba shi ne sammako, domin cunkoson Disamba ba ya raga wa kowa.