E85 ne ke ba inji ƙarfi, ko turbo ne ke yin aikin?

Ɗan Tsere: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so a raba mana gardama ni da Mai Saiti, don jiya mun fi awa muna ja-in-ja ba mu cimma matsaya ba. Abin da na tsaya a kai shi ne, E85, wato man da ake haɗawa da itanol kusan kashi 85 sauran kuma fetur, da kansa yake ƙara wa inji ƙarfi, kuma injin turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska) da ke shan sa ba ya ƙwanƙwasa, wato mai ba ya fashewa da kansa kafin lokaci, saboda haka kana iya ƙara matsin iska iya son ranka. Ba da fatar baki nake faɗa ba. Motar Koenigsegg Jesko tana ba da ƙarfin doki 1280 da fetur, da E85 kuma 1600. Dodge Demon 170 na 2023 doki 900 ne da fetur mai kashi 10 na itanol, 1025 da E85, ya kuma cinye rubu'in mil, wato mita 402, cikin sakan 8.91. Inji ɗaya ne, mai kaɗai aka sauya. Tawa motar silinda huɗu ce, lita biyu, kuma tun da na koma itanol nake jin ta daban a ƙafata. Wa zai ce min ba man ba ne?

Mai Saiti: Wa'alaikumus salam. Abokina, ka koma takardar Jesko ɗin ka karanta har ƙasa. Da fetur turbo na hura matsin iska bar 1.7 ne, da E85 kuwa 2.2. Kwamfutar motar ce ke gane man da ke tanki ta buɗe wa turbo hanya. Ba mai kaɗai aka sauya ba, iskar da ke shiga injin ma an ƙara ta, kuma daga nan dokin nan 320 suka fito. Taka motar ma ni na zauna da ita, na san bus ɗin, wato matsin iskar turbo, da na ƙara mata.

Ɗan Tsere: To ai da fetur ba ka iya ƙara shi ba. Ka ga ke nan man ne.

Malamar Kimiyya: Ku ba ni dama in sa lissafi a tsakani, don kowannenku ya riƙe ɓangare guda. Kilo ɗaya na fetur yana ɗauke da makamashi kusan megajul 43, na itanol kuma bai kai 27 ba. In da ƙarfin mai ake bi, da itanol ne a baya, nesa ma. Amma inji ba mai ne ke ƙare masa ba, iska ce. Fetur na buƙatar kilo 14.7 na iska kafin kilo ɗaya ya ƙone tas, itanol kilo 9 kacal, domin yana tafe da iskar oksijin a jikinsa. Raba 43 gida 14.7, ka raba 26.8 gida 9: na farko 2.93, na biyu 2.98. Wato a kan kowane kilo na iskar da fistin ya zuƙa, wutar da za ka samu kusan ɗaya ce. Ƙanena, man bai zo maka da wani ɓoyayyen ƙarfi ba.

Abin da ya zo da shi biyu ne. Okten ɗin itanol, wato ƙarfinsa na jure ƙwanƙwasa, ya kai wajen 108 a ma'aunin RON, yana jure matsi da zafi kafin ya fashe da kansa. Sai sanyi, wanda ni ya fi burge ni. Ka ɗiga itanol a bayan hannunka ka hura, ka ji yadda wurin ke yin sanyi ƙalau. Kafin kilo ɗaya ya zama tururi yana shanye zafi fiye da ninki biyu na abin da fetur ke sha, kuma ga shi kana zuba shi da yawa. In ka haɗa, sanyin da tsantsar itanol ke sa wa iskar ya kai kusan ninki huɗu. Iskar da turbo ya matsa ta yi zafi, sai ga mai yana yi mata fifita a bakin bawul.

Mai Jan Giya: Anti, ai a nan kika ba Ɗan Tsere gaskiya ba ki ankara ba. Iska mai sanyi ta fi nauyi, silinda na ɗaukar ta da yawa. Ko ba a taɓa bus ba, ko ba a taɓa taimin ba, wato lokacin da filogi ke ba da wuta, in an gyara yawan mai kawai, daino, na'urar auna ƙarfin inji, zai nuna ƙari. Wannan ƙarin na man ne, ba na turbo ba.

Malamar Kimiyya: Na yarda, akwai shi. Sai dai ɗan kaɗan ne, ba irin ratar da ke tsakanin 1280 da 1600 ba.

Baba Makanike: Ni rabin maganar na farko bai dame ni ba, ku masu boko ku ƙarasa shi. Rabi na biyu ne ya sa na ajiye sifana na ɗauki waya. Ɗana, ka ce ba ya ƙwanƙwasa don haka a ƙara iya son rai. Wannan maganar na taɓa ganin ƙarshenta a kan bencina.

Da farko mu raba abu biyu da muke haɗawa. Nokin da muke cewa inji ya yi, wato ya ci metal ya tsaya, daban. Ƙwanƙwasar da ake nufi a nan ita ce ƙarar nan kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani idan ka taka totur, lokacin da ragowar mai ya fashe kafin wutar filogi ta iso shi. Da fetur wannan ƙara ita ce mai gadinka. Sensa na jin ta, kwamfuta ta ja taimin baya, kai ma ka san ka kai iyaka.

An kawo min wani inji da ya yi tsere da itanol, mai shi na cewa yana ɗan rawa ne kawai in yana tsaye. Na cire filogi, tsaf suke. Na ɗaga tof, kan fistin babu tabon nan kamar an watsa masa yashi, wanda ƙwanƙwasa ke bari. Sai da na juya inji da hannu na ga fistin na uku ba ya kaiwa sama daidai da 'yan'uwansa. Na kwance konrod huɗun, wato sandunan da ke riƙe da fistin, na jera su a kan gilashi. Uku sun kwanta lumui, na ukun yana lilo in ka danna shi da yatsa. Ya lanƙwashe, kuma injin bai yi ƙara ko sau ɗaya ba. Raina ya ɓaci ranar, don yaron ya yi shekara yana haɗa motar.

Mai Saiti: Allah ya ƙara girma, Baba, abin da nake ta faɗa masa ke nan. Kowane inji na da wurin da taimin ke ba da ƙarfinsa na ƙarshe, wanda ake kira MBT. Da fetur a injin turbo, yawanci ƙwanƙwasa ke tsayar da kai kafin ka kai wurin. Da E85 kana iya kaiwa ka wuce shiru. A daino nake gani: ƙara wa taimin digiri ɗaya, ƙarfi ya hau sosai, ƙara wani, ya hau kaɗan, ƙara na uku, layin bai motsa ba. Daga nan duk abin da ka ƙara matsi ne kawai kake tara wa fistin tun yana hawa, konrod da gasket ne ke biya. Ni da na ga ƙarin ya fara raguwa nake tsayawa, in ma ja digiri ɗaya baya. Kuma a rubuta a ajiye, E85 na ƙwanƙwasa in an matsa masa, kuma filogi mai zafi na iya kunna shi kafin lokaci. Shi ya sa na sa maka filogi mai sanyi na kuma rage masa baki.

Ɗan Tsere: Baba, na ji, kuma ban raina ba. Amma Demon ɗin fa? Kamfani ya sayar da shi haka, ba a ce konrod na lanƙwashewa ba.

Baba Makanike: An sake masa konrod da fistin da sauran kayan ciki don wannan aikin, ɗana. Naka na kamfani ne, na zuwa aiki da dawowa.

Mai Jan Giya: Ni inda na fi ganin ana faɗuwa ma ba taimin ba ne, mai ne ke yankewa. E85 na buƙatar ƙarin kusan kashi 30 a kowace bugawa, ka ɗora ƙarin bus a kai. Injekta da famfon da suka ishi fetur sai su kai maƙura a giyar ƙarshe, daidai lokacin da inji ya fi zafi, kana hango layin ƙarewa ba ka son ɗaga ƙafa. In injekta ta wuce kashi 85 na lokacinta a buɗe, ni ba na ci gaba. Saboda haka nake ganin ba dole ba ne sai 85. Yawancin amfanin okten ana samun sa tun a wajen rabi da rabi. Motocin da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, famfonsu mai matsi ne ke fara gazawa, E50, wato rabi itanol rabi fetur, ya fi musu lafiya.

Mai Saiti: A motar titi na yarda da kai. A tsere ba na sakin sanyin nan da Anti ta lissafa, gara a ƙara famfo na biyu.

Mai Jan Giya: A kan wannan ba za mu daidaita ba yau.

Malamar Kimiyya: Kafin ku rabu a kan 50 da 85, ku tabbata kun san abin da ke tankin. A Amurka ƙa'idar ƙungiyar ma'aunai ta ASTM ta yarda a sayar da mai da sunan E85 alhali itanol ɗinsa na tsakanin kashi 51 zuwa 83, ana rage shi lokacin sanyi don mota ta tashi. Itanol sai digiri 78 yake tafasa, ba shi da sassa masu saurin tashi irin na fetur; a Brazil ma tsofaffin motocinsu na itanol ɗan ƙaramin tankin fetur ake sa musu don tayar da inji da safe. In an saita ka da mai ƙarfi ka sha mai rauni, okten ya sauka taimin na nan. In akasin haka ne, mai ya yi wa iskar kaɗan.

Gwajin ba wuya. Kwalba siririya mai ma'auni, ruwa zuwa layin farko, mai zuwa na sama, ka girgiza ka ajiye. Itanol zai bi ruwan ya kwanta ƙasa, fetur ya taso sama, layin da ke tsakaninsu ya gaya maka kashin.

Mai Saiti: Ko a sa sensar itanol a layin mai, mai aika 50 Hz in babu itanol, 150 in tsantsa ne, kwamfuta ta riƙa gyara kanta. Abokina, tun wancan watan nake roƙonka ka sa. Kuma ka daina duba 11.8 a agogonka mai nuna kilo nawa na iska ke kan kilo ɗaya na mai kana tsorata wai ya wuce 9.8 na E85. Agogon lamda yake karantawa, ma'aunin da 1 ke nufin iska da mai sun yi daidai, ya ninka da 14.7 na fetur. Wannan 11.8 lamda 0.80 ce, inda nake so ta zauna.

Baba Makanike: Ka kuma shinshina sandar baƙin mai bayan kowace ranar tsere. Itanol na sulalewa ta ring ya tsinka shi, musamman in inji bai yi zafi ba. Yana kuma jan ruwa daga iska, kada ka bar jarka a buɗe.

Ɗan Tsere: To, maganar ƙara bus iya son rai na janye ta, konrod ɗin Baba ya tsaya min a rai. Amma cewa man ba shi da hannu a ƙarfin, wannan ban sauka ba; in babu shi bar 2.2 ɗin nan ba za ta yiwu ba. Oga Mai Saiti, nawo sensar zan yi.

Mai Saiti: Kawo, tare da kwalbar gwajin Anti da man da ke tankinka yanzu. Ka haɗo min da takardun gudunka na ƙarshe ma, ina so in ga lokacinka na ƙafa 60 na farko. Ina zargin tayoyinka na kwasar hayaƙi a wurin tashi, kuma in haka ne, bus ɗin giya ta ɗaya rage shi zan yi.