Kuɗin wata a gem ɗin intanet: wai caca ne?

Ɗan Rijiyar Zaki: Wallahi raina a ɓace yake. Ran Litinin ta wancan makon na biya kuɗin wata na gem ɗin da nake bugawa a kwamfuta, dala 15 cif. Washegari taransifomar unguwarmu ta ƙone. Kwanakina suna ta tafiya, jarumina na can tsaye a bakin kogo, 'yan tawagarmu har sun samo wani mai ba da magani sun sa a gurbina. Kuɗin watan nan caca ne kawai. Ko ni kaɗai nake ganin haka?

Baban Ilham: Subhanallahi. Malam janye kalmar caca. Caca ita ce ka zuba kuɗi ba ka san abin da zai fito ba. Kai kwana 30 ka saya, kwana 30 aka ba ka. Haya ce. In ka kama shago ka kulle ka tafi ƙauye, mai shago zai dawo maka da kuɗinka?

Ɗan Rijiyar Zaki: Yaya, ni zancen wuta nake yi.

Mai Kwamfuta: Baban Ilham ya gama magana. Gem ɗin kwamfuta na World of Warcraft tun 2004 dala 15 ake biya duk wata a Amurka, a 2010 masu biya sun kai miliyan 12. Duk 'yan caca ne? Naira ce ta kwanta. Farkon 2023 dala 15 ba ta wuce dubu bakwai a farashin gwamnati ba, a 2024 ta haura dubu 22. Masu caca na gaskiya su ne masu sayen dayamon, wato kuɗin cikin gem ɗin waya na Free Fire, suna juya faifan sa'a ko za su dace da rigar jarumi.

Sarkin Booyah: To fa. Me ya kawo Free Fire cikin maganar nan? Duk wanda ya mallaki tsohuwar laftof sai ya raina 'yan waya.

Mai Kwamfuta: Ƙanena ba raini ba ne. Ƙasar Beljiyam tun 2018 ta ce akwatin sa'a da ake saya da kuɗi a gem, ba ka san abin da ke ciki ba, caca ne.

Sarkin Booyah: Beljiyam ce za ta yi mana fatawa?

Maman Haidar: Ni fa mamaki kuke ba ni. Magidanta da gemu, dubu ashirin da wani abu a kan aljanun kwamfuta. Mudu nawa na shinkafa ke nan?

Baban Ilham: Hajiya, da girmanki. Maigidanki ba ya biyan kuɗin tashar ƙwallo duk wata? Ga shi ma Man U yake goyon baya. In ana neman caca ai ga ta nan.

Red Devil na Fagge: Kar ka kuskura. Kofin lig 20 gare mu. Ku fa?

Baban Ilham: Na ƙarshe 2013. Haidar ma ba a haife shi ba.

Maman Haidar: Ku cire min ɗa daga shirmenku.

Ɗalibi: Don Allah tambaya, akwai gem ɗin da ba a biya duk wata? Na ji an ce Guild Wars 2 ba ya karɓa, Elder Scrolls Online ma ya daina tilastawa tun 2015.

Mai Kwamfuta: Haka ne. Amma kyautar Bature akwai ƙugiya a ciki, shagon cikin gem na jiran ka.

Sarkin Booyah: Ka ga ni? Ya sake zagin mu a fakaice.

Ɗan Rijiyar Zaki: Jama'a har yanzu ba wanda ya ce min sannu.

Admin: Ya isa haka, ga taƙaitawa. Kowa ya amince kuɗin wata asara ne ga wanda ba shi da sola, ko Baban Ilham bai musa ba. Maganar cewa dayamon caca ne ba a kawo hujja ba sai wata ƙasar Turai, don haka ta faɗi. Gem ɗin waya ya fi dacewa da mu, caji ɗaya a shago ka buga har dare. Mai son dayamon ya same ni ta bayan fage, akwai ragi wannan makon.

Baban Ilham: Yaushe na amince?

Admin: Na rufe.